Akwatin Aro a Ƙasar Kusada

A Kankiya ta farkon shekarun 2000, duk wanda ya mallaki amfilifaya da lasifika da ɗan janareto to ya mallaki sana'a. Garin yana bisa titin Kano zuwa Katsina, hanyar Dutsin-Ma da ta Ingawa duk a nan suke ɓullowa, don haka hidima ba ta yankewa: biki, suna, walimar saukar Alƙur'ani, wa'azi, maulidi, taron siyasa. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana cikin masu ba da hayar kayan sauti, ni kuma ina cikin yaransa. Aikina naɗe waya, ɗaukar akwati da hawa bishiya in ɗaure ƙahon amsa-kuwwa. Da wannan aiki na san Rimaye da Kafin Soli da Gyaza, na san Yashe da Gidan Mutum Ɗaya, na san ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina.

Jarin Kawu na farko amfilifayar Ahuja ce 'yar Indiya, irin wadda ake gani a masallatai, mai aiki ko da batirin mota. A bayanta akwai jerin noti, kowanne da lambarsa: 4, 8, 16, sai 70 da 100. An nuna mana notin da za mu ɗaura waya, ba a gaya mana dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ƙahonin nan suna kai murya nesa, mai wa'azi ya yi magana a ƙofar fada a ji shi a bayan gari. Da kalangu ma suna tafiya daidai, kuma ƙasarmu ƙasar kalangu ce. Mamman Shata ɗan Musawa ne, har kansila ya yi a ƙaramar hukumar Kankiya a shekarun 1970. Amma bayan rasuwarsa a 1999 kunnen samari ya riga ya sauya. Waƙoƙin finafinan Kano da fiyanon Yamaha sun koya masu son sautin da ke dukan ƙirji, wanda ƙaho ba ya iya fitarwa ko an ƙure shi. Masu biki suka fara tambaya tun kafin a yi ciniki: akwai bes?

Shi ya sa Kawu ya sayar da bijimin da ya yi shekara yana turkewa, ya tafi Sabon Garin Kano ya dawo da amfilifayar bes ta hannu. Akwati ɗaya ce baƙa, injin a sama, lasifika mai inci 15 a ƙasa, sai mutum biyu ke ɗaga ta. Muka yi sa'a a lokacin akwai wani ɗan bautar ƙasa daga Filato da aka turo koyarwa a wata sakandare a garin, wanda ya iya jitar bes tun a cocinsu na gida. Shi da mai fiyanonmu suka saba, ya riƙa bin mu wasa a ƙarshen mako. Malam muke ce masa. Shi ne ya fara karanta mana rubutun da ke bayan akwatin, kusa da wani rami da aka tanada don ƙarin lasifika. Ya ce wa Kawu lasifikar da ke ciki om 8 ce, injin kuma ba ya ɗaukar abin da ya gaza om 4, saboda haka duk akwatin da za a ƙara sai mai 8. Kawu ya riƙe wannan magana. Ina so a san haka tun yanzu, domin abin da ya same mu daga baya ba ganganci ne ya jawo shi ba.

Makon farko na Afrilun 2006 ne. An gama ƙidayar jama'a a ƙarshen Maris, sannan ranar Laraba 29 ga wata aka yi husufin rana da hantsi, sararin Katsina ya yi duhu har kaji suka nufi akurki, masallatai suka cika. Mutane ba su gama maganarsa ba maulidi ya gabato, kayan sautin garin duk an kama su. A cikin wannan matsi aka ɗauke mu biki a wani ƙauye a ƙasar Kusada, kuma abokan ango sun sharɗanta cewa suna son a ji su har ƙauyen da ke maƙwabtaka. Kawu ya aro akwati a wurin wani abokin sana'arsa, mai lasifika biyu 'yan inci 12. Ina tsaye ya juya shi, ya goge ƙurar farantin baya da babban yatsa, ya kira Malam. Lamba 8 ce a rubuce, ba ta ko goge ba.

Filin makarantar firamare aka ba mu, babu bango ko ɗaya kusa. Wanda bai yi aikin ba ba zai gane yadda fili ke cinye bes ba. Tsirkiya mafi kauri a jitar tana kaɗawa sau 41 ne kacal a daƙiƙa, kuma kafin kunne ya ji irin wannan sauti sai lasifika ta tura iska mai yawa. A ɗaki bango na maido maka da shi. A fili kuwa yana watsewa ko'ina, ka ga takardar lasifika tana kai da komo kamar za ta yage, amma taku talatin daga wurin sai kuwwar fiyano kawai ake ji. Wannan ne ke sa kowa neman akwati na biyu, kuma neman yana da hujja, domin faɗin takarda ne ke tura iska.

Bayan magariba muka tayar da janareto, na soka wayar akwatin aro a raminta. Malam ya taɓa tsirkiya ɗaya, na ji ƙasa ta amsa a tafin ƙafata. Ban taɓa jin kayanmu sun yi daɗi irin na daren nan ba, kuma har yau ina faɗin haka. 'Yan mata suka yi guɗa, yara suka zagaye akwatin suna kara hannu suna jin iskar da ke fita. Malam kaɗai ne bai saki fuska ba. Ya matsa ya kara kunne a wannan akwati, ya koma wancan, ya ce mani, “Yaro, na aron nan ya fi namu ƙara da yawa. Bai kamata ba.” Kiɗa ya riga ya kankama, ba wanda zai tsaya bincike.

Wajen awa guda aka yi, sai bes ya ɗauke ɗif, fitilar injin kuma tana kunne. Na kai hannu bayansa na janye da sauri, ƙarfen ya yi zafin da ba a iya taɓawa. Watan Afrilu ne, ko da dare iskar ɗumi ce ke kaɗawa. Muka yi ta fifita da kwali, bayan 'yan mintoci sauti ya dawo da kansa. Aka ci gaba, ya sake ɗaukewa, ya sake dawowa. A karo na gaba fitilar ma ta mutu, fiyus ya ƙone. Kawu ya shiga cikin gari wajen uban ango, abokan ango kuma sun yi mana zobe, kowa na faɗin kuɗin da ya zuba. Wani daga cikin masu taya mu kula da janareto ya ce ya san maganin abin. Ya ciro takardar azurfa ta kwalin sigari, ya naɗe mataccen fiyus ɗin da ita, ya mayar. Injin ya tashi, jama'a suka yi shewa.

Bai kai waƙa biyu ba. Wani gurnani mai kauri ya taso wanda ba daga jita yake ba, takardar lasifikarmu ta turo waje ta ƙage a nan. Malam ya yar da jitar ya fizge wayar akwatin aro, ni kuma na ruga wajen janareto. Kafin in kashe shi hayaƙi ya fara fita ta ragar gaba, da wani wari mai ɗaci na ƙonannen gam da tagulla wanda duk mai wannan sana'a ya sani. Makaɗan kalangun ƙauyen suka karɓi fili da ƙahonin Ahuja, biki ya ci gaba har tsakar dare. Kawu da ya dawo bai yi wa kowa faɗa ba. Ya tsuguna gaban akwatin ya daɗe, sannan ya ce mu ɗora a mota.

Kafin azahar ɗin washegari labari ya zaga tasha, kowa da fassararsa. Wasu suka ce baki ne, kayan sun yi farin jini da yawa. Wasu suka ce wani abokin hamayya ne ya yi masa aiki. Akwai wanda ya rantse cewa tun ranar husufi na'urori ke lalacewa. Masu sauƙin ra'ayi suka ɗora wa janareto. Abin da ya fi damuna shi ne yadda zargi ya fara karkata kan mai akwatin aro, mutumin da ya yi mana alheri, wanda suke gaisawa da Kawu tun suna yara.

Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo kusa da tasha, wanda ya koyi aiki tun zamanin rediyo mai kwalba. Baba kowa ke ce masa. Da muka sauke kayan a rumfarsa bai ko kalli injin da ya ƙone ba. Ya ce a matso masa da akwatin aro. Ya ɗauko mitarsa mai allura, ya haɗa bakin wayoyinta biyu ya daidaita sifili, sannan ya dangwala a ramin akwatin. Allurar ta tsaya kan uku da 'yan kai.

“Alhaji, wa ya ce maka wannan takwas ne?”

“Ga shi nan a rubuce, Baba.”

“Rubutun na ranar da aka ƙera shi ne. Miƙo mani sukundireba.”

Ya bayyana mana cewa mita ba ta nuna cikakkiyar lambar, kullum tana ba da ƙasa da ita kaɗan, domin ita da batir take aunawa, sauti kuwa wuta ce mai kai da komo, kuma turjiyar lasifika tana hawa tana sauka gwargwadon kaurin sautin. Mai om 8 takan nuna wajen 6, mai om 4 takan nuna wajen 3. Da ya buɗe bayan akwatin sai ga shaida: dukkan lasifikun biyu an taɓa yi masu sabon naɗi, ga sawun gam a gefen takarda. Asali kowacce om 16 ce, an haɗa su kafaɗa da kafaɗa suka ba da 8, abin da farantin ya faɗa ke nan. Da suka ƙone a hannun wani can baya, mai naɗin ya yi masu naɗin da ya saba yi wa kowa, na om 8, ya mayar da su yadda ya same su. Akwatin ya koma om 4 ba tare da kowa ya sani ba, har mai shi, wanda a haka ya saye shi.

Baba ya ɗauki alli ya rubuta a jikin ƙofar rumfa. Idan an haɗa biyu kafaɗa da kafaɗa, wato jar waya da jar waya, baƙa da baƙa, sai a ninka lambobin a raba da jimillarsu. Takwas da takwas: 64 a raba da 16, ya ba da 4, daidai iyakar injin. Takwas da huɗu: 32 a raba da 12, bai kai 3 ba, 2.7 ne. Kawu ya ce shi abin da bai gane ba, yaya za a ƙara kaya lamba ta ragu, kuma raguwar ta zama nauyi? Baba ya ce masa ya tuna injin ban-ruwa a fadama. Lambar om ƙuncin bakin tiyo ce, ƙaramar lamba faffaɗan baki. In ka ƙara tiyo na biyu a gefen na farko, ƙofar ruwa ka ƙara, injin kuma dole ya yi ta turowa har ya cika su duka, ko ya iya ko bai iya ba.

Nan Malam ya karɓi allin. Ya ce injin irin namu, mai wat 200, idan an ƙure shi yana fitar da wajen bolt 28. A kan om 8 wutar da ke gudana amfiya 3.5 ce, a kan om 4 ta zama 7, a kan 2.7 kuwa ta haura 10. Duk wannan wuta ta cikin taransistocin ƙarshe take bi, zafinsu kuma yana ƙaruwa da ita. Daɗin da muka ji a farkon dare, ƙarfin da ya wuce ƙa'ida ne injin yake bayarwa yana cin jikinsa. Kashi biyu cikin uku na ƙarfin yana tafiya akwatin aro, shi ya sa ya fi namu ƙara. Ɗaukewar da ya riƙa yi ba lalacewa ba ce, wani ɗan makunni ne a ciki da ke yanke aiki idan zafi ya kai maƙura. Fiyus shi ne mai gadi na ƙarshe. Da aka naɗe shi da takardar sigari, taransista ɗaya ta narke ta haɗe, wutar injin ta zubo kai tsaye cikin lasifika ta dafa naɗinta.

Abin da ya tsaya mani a rai shi ne abin da Malam ya faɗa yana kakkaɓe alli daga hannunsa. Ya ce wannan lissafi shi yake koyarwa a aji a wannan zangon, dokar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa tun 1827, kuma tana fitowa a jarrabawar WAEC. Ɗalibansa suna haddace ta su zana ƙananan akwatuna a takarda, ba wanda ya taɓa kawo masu lasifika aji. Mu kuma da ke ɗaukar lasifika a ka kullum ba mu taɓa jin sunan dokar ba. Tsakanin makarantar da rumfar Kawu ba nisa a ƙafa. Har yau ina ganin wannan a matsayin asara babba, kuma ba a Kankiya kaɗai ake yin ta ba.

Baba ya ƙara mana da abin da ya warware mani wani ruɗani. Mun saba ganin an jera ƙaho shida ko takwas a masallacin Juma'a a kan inji ɗaya ba abin da ya faru, shi ya sa mutane ke ɗauka kowace lasifika haka take. Sirrin yana ga notin nan mai lamba 100. Ƙahonin da ake ɗaurawa a kansa kowanne da 'yar taransifomarsa, wadda ke ɗibar wat ɗin da aka yanka mata kawai, sai ka tara wat ɗin ka tabbata bai wuce ƙarfin injin ba. Amfilifayar bes ba ta da wannan. Ya kuma ja kunnenmu game da tsofaffin injuna masu kwalba, irin waɗanda ya fara aiki da su: su haɗarinsu a kunna su babu lasifika ne, taransifomar fitar sauti ta ƙone, kuma dole a ɗaura waya kan notin da ya dace da lambar akwati daidai. Mai taransista kuwa ba ruwansa in babu lasifika, ƙarancin om ne ajalinsa.

Gyaran ya ci kuɗi da lokaci. Taransistocin da aka fara sayowa daga Kano, masu lamba MJ15003 da MJ15004, Baba ya ɗauki ɗaya ya fasa kanta da filaya a gabanmu, ya nuna mana 'yar ƙwayar da ke ciki, ƙarama ƙwarai idan aka gwada da ta tsohuwar da ya cire. Jabu ne. Aka mayar, aka nemo na cikin wani mataccen inji. Lasifikarmu aka kai ta naɗi, kuma wannan karon Baba ya rubuta wa mai naɗin lambar da ake so a takarda, da ta dawo ya auna kafin a ɗaura. Ba na ganin laifin masu naɗi a kan sana'arsu. Ba don su ba da rabin kayan sautin ƙasar nan suna bola. Abu ɗaya nake roƙonsu, wanda ba ya cin ko sisi: in an gama naɗi a auna, a rubuta sabuwar lambar da fenti a jikin maganaɗisu da kuma bayan akwati.

Mai akwatin aro da kansa ya zo rumfar, Baba ya nuna masa allurar mita, ya riƙe baki. Ashe shi ma injinsa ya daɗe yana zafi bai san dalili ba. Da yardarsa aka sauya haɗin cikin akwatin zuwa na sarƙa, jar wayar wannan ta shiga baƙar waccan, 8 da 8 suka zama 16. Idan aka haɗa shi da namu lissafi yana ba da 5.3, injin yana aiki da sanyinsa, ko da yake ƙarar ta ɗan ragu. Raguwar ba ta kai yadda Kawu ya ji tsoro ba, domin kunne ba ya bin wat ƙafa da ƙafa. Sai an ninka ƙarfi wajen sau goma kafin mutum ya ce ƙara ta ninku. Baba ya koya mani gwajin batir: ka taɓa ƙaramin batirin tocila a wayar akwati ka ga ko takardun duka waje suke turowa tare, domin in ɗaya na fita ɗaya na shiga, bes ɗin cinye juna yake yi. Ya kuma hana mu amfani da siririyar wayar jita wajen haɗa akwati, ya ce a nemi mai kauri irin ta wutar gida.

Kawu ya sayi mita 'yar rawaya mai nuna lamba, ya damƙa mani, ya ce daga yau ko akwatin wa aka kawo kada a soka sai na auna. Ya kuma sa ledar fiyus a aljihun jakar waya. A watannin da suka biyo baya na auna akwatunan abokan sana'a da dama tsakanin Kankiya da Kusada da Ingawa, kuma waɗanda lambar bayansu ta saɓa da abin da ke ciki ba kaɗan ba ne. Wasu masu kayan suka yi godiya, wasu suka ga yaro ne ke neman koya masu aiki.

Malam ya gama bautar ƙasa ya koma Filato kafin kakar siyasar 2007, lokacin da Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa ya fito takarar shugaban ƙasa, jihar ta cika da motocin kamfe masu tulin lasifika a baya. Rumfar Baba ta cika da ƙonannun injuna a watannin nan har yana ajiye wasu a waje. Mu ma an ɗauke mu, kuma yaran wani ɗan takara suka dage sai an ɗora akwati huɗu a kan injin bes don motarsu ta fi ta abokan hamayya cika ido. Kawu ya ce su ba shi dare ɗaya. Muka auna huɗun, kowanne om 8. Muka haɗa biyu sarƙa suka ba da 16, sauran biyun ma haka, sannan muka haɗa rukunin biyu kafaɗa da kafaɗa suka dawo 8. Da lasifikar cikin injin, lissafi ya tsaya kan 4 cif. Da wannan haɗi motar ta zaga ƙauyukan Kankiya da Kusada cikin zafin Maris da Afrilu har aka kaɗa ƙuri'a, kuma fiyus ɗin da Baba ya sa shi ne a ciki lokacin da Kawu ya sayar da injin bayan wasu shekaru.